Yadda ake bin sawun rundunar Rum guda ɗaya: Runduna ta Uku da bakin Sahara

Lokacin da Sarki Agustas ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya, daular Rum tana da runduna 25, kuma sun kai 33 a zamanin Septimius Severus. Duk wanda ya ce zai haɗiye tarihinsu gaba ɗaya zai tashi da tulin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, ba tare da ya san abin da soja guda yake yi tsakanin asuba da magariba ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina na babbar sakandare a nan Jos su kama runduna ɗaya tak, su bi ta tun daga inda ta fara kafa sansani har inda sunanta ya ɓace. Wadda ni na kama ita ce Legio III Augusta, wato Runduna ta Uku ta Agustas. Ɗaruruwan shekaru ita kaɗai ce zaunanniyar runduna a Afirka ta Arewa yamma da Masar. Bayan haka, ɗaya daga cikin ƙananan sansanoninta yana Gadamas, garin da fatakensa suka daɗe suna zaune a Kano suna ciniki. Ke nan ba labarin wata uwa duniya ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai intanet, littafin rubutu mai kaurin bango, fensir, da taswirar Afirka ta Arewa. Taswirar a buga maka ita babba a takarda, shagunan buga takardu na wajen Taminus suna yi. Za ka yi ta zane a kanta, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta. Latin ba dole ba ne. Turanci dai kana bukata, in kuma kana taɓa Faransanci to ka tsinci dami a kala, domin Faransawa ne suka tono yawancin wuraren nan lokacin da suke mulkin Aljeriya da Tunisiya. Sunayen da ba a saba ji ba na bar su yadda ake rubuta su, don ka iya buga su wajen nema.

Kada ka kama rundunar wani

Rumawa ba su damu da maimaita lamba ba. Wajen shekara ta 200 akwai runduna biyar masu lamba uku: Augusta, Cyrenaica, Gallica, Italica da Parthica. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce Cyrenaica, domin sunanta na gabashin Libiya ne, alhali a Masar ta zauna, daga baya aka mayar da ita Bostra a kudancin Siriya ta yau. Laƙabin Augusta ma ba na runduna ɗaya ba ne: ta biyu tana Birtaniya, ta takwas tana Strasbourg a bakin kogin Rhine. Saboda haka kullum ka haɗa lamba da laƙabi wuri guda in kana nema.

A shafin farko rubuta tsarin runduna, sau ɗaya ya isa. Mutum wajen 5,000 ne, an kasa su bataliya goma. Ƙaramin kashi yana da mutum 80 a ƙarƙashin hafsa guda, mutum takwas kuma suna tarayya a tanti ko ɗaki ɗaya. Akwai mahaya dawakai 120. Aikin shekara 25 ne. Albashi dinarin azurfa 225 a shekara a zamanin Agustas, Domitian ya mayar da shi 300. Sojan runduna ɗan ƙasar Rum ne. Waɗanda ba su da wannan matsayi suna shiga sojojin taimako, kuma su ne suka cika yawancin ƙananan sansanonin iyaka.

Nemi inda ta kwana

Kafin ka karanta labarin yaƙi ko ɗaya, sa ɗigo uku a taswira. Na farko Ammaedara, wato Haïdra a yammacin Tunisiya, inda rundunar take a zamanin Agustas. Na biyu Theveste, wato Tébessa a Aljeriya, inda ta koma wajen shekara ta 75 a zamanin Vespasian. Na uku Lambaesis, wato Tazoult kusa da Batna. An fara kafa ɗan ƙaramin sansani a can a 81, sannan a farkon ƙarni na biyu aka gina babbar barikin da ta zama gidanta har ƙarshe. Akwai shafin Pleiades, kyauta ne, yana ba ka tsohon suna da wurinsa a taswirar yau.

Haɗa ɗigon da fensir, za ka ga layin yana tafiya yamma, yana bin gindin duwatsun Aurès. Rundunar ba teku take tsaro ba. Tana shiga ne tsakanin ƙasar noman alkama da zaitun da ke arewa, da duwatsu da makiyayar da ke kudu. Alkamar nan ita ke ciyar da birnin Rum, shi ya sa aka damu da wurin. Ka kuma cire rairayi da raƙumi daga ranka tukuna: Lambaesis tana kan tudu sama da mita 1,000, dusar ƙanƙara na sauka a Aurès da hunturu.

Daga nan buɗe Google Earth ka nemi Tazoult. Barikin tana nan, tsawonta wajen mita 500, faɗinta wajen 420, da babban ginin da ke bakin hedikwata a tsaye har yau. Za ka ga wani gini na zamani ya ci kusurwarta guda. Kurkuku ne da Faransawa suka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Matsa gabas kaɗan ka ga Timgad, garin da rundunar ta gina a shekara ta 100 da umarnin Sarki Trajan, a ƙarƙashin kwamandanta Lucius Munatius Gallus, don zaunar da tsofaffin sojoji. Titunansa a miƙe suke, sun gitta juna daidai wa daida, ko daga sama ba ya ɓuya.

Marubuta: karanta su, amma kada ka zauna a wurinsu

Babban labarin da marubutan Rum suka bari shi ne yaƙin Tacfarinas, daga 17 zuwa 24, kuma Tasitus ne ya ba da shi a littafinsa na tarihin shekara-shekara, kashi na biyu zuwa na huɗu. Fassararsa ta Turanci tana intanet kyauta. Tacfarinas mutumin Numidiya ne, wato gabashin Aljeriya ta yau, ya yi aiki a sojojin taimako na Rum, ya gudu, ya jagoranci kabilar Musulamii. Ya san faɗan fili ba nasa ba ne, sai ya koma sari-ka-noƙe. Wata bataliyar Rum ta gudu daga gabansa a fagen fama, gwamna Lucius Apronius ya sa aka yi ƙuri'a, aka fitar da mutum ɗaya cikin kowane goma aka kashe da kulake. Sai da aka kawo Runduna ta Tara daga Turai ta taimaka na ɗan lokaci. An kashe Tacfarinas a 24 a Auzea, ƙarƙashin gwamna Dolabella.

Abin da nake so ka lura da shi ya fi jerin gwabzawar muhimmanci. Tasitus ya ce Tacfarinas ya aika wa Sarki Tiberius jakadu yana neman a ba shi ƙasar zama, shi da mutanensa, in ba haka ba yaƙi ba zai ƙare ba. Tiberius ya ɗauki wannan cin fuska ne. To, ajiye Tasitus ka duba duwatsun alamar hanya: suna nuna cewa a shekara ta 14 rundunar ta shimfiɗa hanya daga sansaninta zuwa Tacape, wato Gabès a bakin teku. Shekara uku ke nan kafin tawaye, kuma hanyar ta ratsa yankin da makiyaya ke bi da dabbobinsu. A ganina a nan gizo ke saƙa: an datse burtali, an fara auna ƙasa. Tasitus ɗan majalisar dattawa ne, hankalinsa yana kan wane gwamna aka karrama, wane aka hana. Ba zai haɗa maka waɗannan biyu ba, kai za ka haɗa.

Abubuwa biyu kuma ka rubuta ka wuce. Sarki Kaligula ya karɓe rundunar daga hannun gwamnan da majalisar dattawa ke turowa, ya ba wani kwamanda da shi sarki ke naɗawa. A 68 kuma kwamandanta Clodius Macer ya yi wa Nero tawaye, Galba ya sa aka kashe shi. Bayan wannan, marubuta sukan yi shekaru ba su ambaci rundunar ba, domin zaman lafiya ba ya ba su abin rubutawa.

Duwatsu

Nan ne ainihin aikin, nan kuma za ka daɗe. Rumawa sun sassaƙa rubutu a kan kabari, da ƙofa, da gada, da wurin bauta, kuma Lambaesis kaɗai ta ba da fiye da dubu. An tattara na Afirka a juzu'i na takwas na babban kundin rubuce-rubucen Latin da ake taƙaitawa CIL, amma ba sai ka neme shi a laburare ba. Rumbun Clauss-Slaby da ke intanet yana ɗauke da rubutu sama da 500,000, kyauta. Zaɓi lardin Numidia, sa Lambaesis a gurbin gari, sannan ka buga III Augustae a gurbin kalma. Na Libiya kuma suna shafin Inscriptions of Roman Tripolitania, har da fassara.

Sai ka koyi alamomin masu bugawa, guda uku ne. Abin da ke cikin baka mai lanƙwasa, ( ), cikon kalmar da mai sassaƙa ya taƙaita ne. Abin da ke cikin mai kusurwa, [ ], ya ɓalle daga dutsen, masani ne ya cike da hasashe. Mai kusurwa biyu-biyu, [[ ]], yana nufin da gangan aka kankare. Riƙe wannan na ukun da kyau.

Rubutun kabarin soja kusan tsari ɗaya yake bi. D M a sama sadaukarwa ce ga ruhohin matattu. Sai suna, sai MIL LEG III AVG, sojan Runduna ta Uku. VIX ANN da lamba, shekarun da ya rayu. MIL ANN ko STIP da lamba, shekarun da ya yi yana aiki. Wata alama mai kama da 7 tana nufin hafsa ko kashinsa. A ƙasa sai wanda ya kafa dutsen: mata, ɗa, ɗan'uwa ko magaji. Ka ɗebe shekarun aiki daga shekarun rayuwa, ka sami shekarunsa lokacin da ya shiga soja. Yi hattara da LEG, domin wani lokaci kwamanda yake nufi ba runduna ba. In ka ga LEG AVG PR PR, wakilin sarki ne, mutum guda. Kuma ba kowane dutsen soja da ke yankin ne nata ba. A kwazazzabon Tighanimine cikin Aurès akwai rubutun 145 a jikin dutse game da hanyar da aka fasa, amma wani ɓangare na Runduna ta Shida Ferrata ne ya yi aikin, baƙi daga gabas.

Ja layuka a littafinka: inda aka samu dutsen, suna, muƙami, garin asali, shekaru, wanda ya kafa, zamani. Kada ka yi gaggawa. Dutse goma da ka karanta da kanka sun fi ɗari da ka kwafo.

Layin zamani shi ne mai wuya, amma akwai dabaru. In an ambaci sarki, nemi TRIB POT, wato ikon kare talakawa da sarki ke riƙe da shi, da lambar da ke biye, domin duk shekara ake sabunta wa sarki wannan iko. Na Hadiriyan na XII, misali, ya faɗo a 128. In babu sarki, duba laƙabin rundunar. P V, wato Pia Vindex, daga zamanin Septimius Severus ne, wanda ya hau a 193. Antoniniana da Severiana na sarakunan da suka biyo shi ne.

Dabara mafi daɗi ita ce ta kankarewa. A 238 masu gonaki a Thysdrus, wato El Jem ta Tunisiya, suka kashe jami'in harajin Sarki Maximinus, suka naɗa gwamnansu Gordian, wanda ya tsufa, sarki tare da ɗansa. Capelianus, gwamnan Numidiya, ya ɗauki Runduna ta Uku ya nufi Kartaj, babban birnin lardin Afirka. Aka kashe ɗan a fagen yaƙi, uban ya rataye kansa, mulkin nasu wajen mako uku kawai ya yi. Sai reshe ya juye da mujiya: kafin shekarar ta fita jikan tsohon, Gordian na Uku, yaro ɗan shekara 13, ya hau gadon sarauta. Aka rushe rundunar, aka watsa sojojinta, aka bi duwatsu da kurfi ana kankare sunanta. Shekara 15 babu ita. A 253 Valerian ya maido ta, aka koma wasu duwatsun aka sake sassaƙa sunan a cikin ramin da aka kankare. A sansanin Gemellae da ke kudu da Aurès akwai rubutu mai kwanan wata 22 ga Oktoba 253, na sojojin da suka dawo daga Raetia, can wajen kudancin Jamus. Amfanin wannan gare ka shi ne: duk dutsen da aka kankare sunan rundunar a kansa, kafin 238 aka kafa shi. In an sake rubutawa, yana nan tsaye a bainar jama'a a 253.

Layin garin asali kuma, in ya fara cika, zai ba ka labarin da babu marubucin da ya ba da shi. A duwatsun farko na Ammaedara za ka ga mutanen Italiya da Gaul, wato Faransa ta yau. A jerin sunayen Lambaesis na ƙarni na biyu da na uku 'yan Afirka ne suka rinjaya, daga Kartaj, da Cirta, da Theveste da makamantansu. Da yawa kuma ba a rubuta musu gari ba sai castris, wato a sansani aka haife su. Doka ta hana soja aure yana bakin aiki har zuwa zamanin Severus, amma doka daban, rayuwa daban. Mata da 'ya'ya da 'yan kasuwa suna zaune a unguwar da ta tsiro a jikin katanga, yaro ya girma ya shiga rundunar ubansa. Wanda ya san barikin Rukuba a Jos, da kasuwar mami, da yaran da in ka tambaye su garinsu sai su ce maka su 'yan bariki ne, ya riga ya fahimci wannan kalma. Wata Runduna ta Ukun ce ma a can, ta sojan Najeriya, abin dariya. Idan ɗalibi ya ce mini "Rumawa sun mamaye Afirka", nakan ce ya duba wannan layi ya gaya mini su wane ne Rumawan a shekara ta 200.

Duwatsu biyu kada ka kuskura ka tsallake su. Na farko jawabin Sarki Hadiriyan ne. Ya zo a 128, ya kalli atisaye, ya yi wa kowane rukuni magana, aka sassaƙa maganar a gindin wani ginshiƙi a filin fareti yamma da bariki. Yabo ne mafi yawa, amma abin da ya fi amfani shi ne uzurin da ya lissafa musu, wanda ya ce kwamandansu Catullinus ya gabatar: duk shekara bataliya guda tana tafiya hidimar gwamna, an ɗebi wasu an kai wa wata runduna gudummawa, wuraren gadi masu yawa kuma masu nisa sun raba su, sannan sun sauya bariki sau biyu har sun gina sabuwa. Daga bakin sarki ke nan ka ji cewa mutum 5,000 ɗin nan ba sa taɓa haɗuwa wuri guda.

Na biyu na Nonius Datus ne, tsohon soja kuma safiyon rundunar, wajen shekara ta 152. Garin Saldae, wato Béjaïa, yana son a huda dutse a jawo ruwa. Datus ya auna, ya kafa turaku, ya ba da zane, ya koma. Ma'aikata suka fara haƙa daga ɓangare biyu, kowane ɓangare ya karkace, har tsawon abin da suka haƙa ya wuce faɗin dutsen ba su haɗu ba. Aka aika a kira shi. A hanya 'yan fashi suka tare shi, ya tsira tsirara da rauni, ya isa, ya gyara, ruwa ya gudana. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa labarin, har da wasiƙun manya da suka roƙi a turo shi. Ina son wannan mutum. Ya san aikinsa, kuma bai yarda a manta ba.

Iyakar kanta

Yanzu koma taswira ka ƙara ɗigo. A zamanin Severus, wanda shi kansa haifaffen Leptis Magna ne a Libiya, kwamanda Quintus Anicius Faustus ya tura iyaka kudu. Castellum Dimmidi, wato Messaad a Aljeriya, a 198. Gholaia, wato Bu Njem a Libiya, a 201. Sai Gadamas, sai Gheriat el-Garbia. Auna daga Lambaesis zuwa Bu Njem, za ka samu kimanin kilomita 1,000 a miƙe. Tambayi kanka yadda runduna ɗaya da mataimakanta za su toshe wannan fili. Ba za su iya ba, kuma ba abin da aka sa su ke nan ba. Duba inda ɗigon suke: kowanne a kan rijiya ko zango, inda dole matafiyi ya tsaya.

Akwai ganuwa da gwalalo a wasu wurare. Wani hafsan sojan saman Faransa, Jean Baradez, ya bi su da hotunan jirgin sama ya wallafa a 1949, ana kiransu Fossatum Africae. Amma guntu-guntu ne, ba a haɗe suke ba, kuma akwai mashigai da hasumiyoyin gadi. Ɓangaren da ke kudu da Gemellae mutanen wurin sun ɗauka tsohuwar hanyar ban ruwa ce. Irin wannan gini ba zai tsayar da mayaƙa ba, amma zai tilasta wa garke ya bi ta ƙofa, a lokacin da aka yarda, bayan an kwashe amfanin gona.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce dutsen kuɗin fito na garin Zarai a Aljeriya, na shekara ta 202. Jeri ne na abin da ake biya: bawa, ko doki, ko alfadari, dinari ɗaya da rabi. Jaki ko sa, rabin dinari. Akwai tufafi, fatu, dabino, ɓaure, giya, soso. Dabbobin da za a kai kasuwa kuwa an yafe musu. Kuɗin kaɗan ne, wanda ke nuna ana son mutane su riƙa wucewa, a dai san da wucewarsu. Ka kuma lura da abin da aka sa a layin farko, a farashi ɗaya da doki.

Bu Njem ta fi ko'ina daɗin karatu. René Rebuffat ya tono ta daga 1967, aka samu tsingaro da aka yi rubutu a kansu da tawada, Robert Marichal ya buga guda 146 a 1992. Na shekarun 250 ne, kuma a lokacin hafsan dawakai daga sojojin taimako ne ke riƙe da wurin, don haka kada ka zuba sunayensu cikin na rundunar. Rahoton safe ne na kullum: mutum nawa ke nan, nawa a hasumiya, nawa a ƙofa, nawa ke hura wutar gidan wanka, wa ke gashin burodi, wa ke kwance ba lafiya, wa ake yi wa bulala. Jimillarsu ba ta kai ɗari ba. Akwai takardun rakiyar alkama da masu raƙuma ke kawowa. Akwai rahoton Garamantes, mutanen Fazzan da ke kudancin Libiya, sun iso da sha'ir da alfadarai da jakuna, da na wani bawa da ya gudo. Wannan shi ne gadin iyaka: ƙirga mai shiga, rubuta sunan mai fita, jiran hatsi.

Hafsoshin rundunar biyu da suka riƙe wurin tun farko sun bar waƙoƙi a dutse, kowanne ya jera sunansa a haruffan farkon baitoci. Quintus Avidius Quintianus ya yi tasa a kan gidan wankan da ya gina don sojoji su huce zafin rana. Marcus Porcius Iasucthan, a 222, ya yi tasa a kan ƙofar da mutanensa suka sake ginawa. Sunansa na ƙarshe na mutanen ƙasar ne, Latin ɗinsa kuma ya karya ƙa'idar waƙa son ransa, har masana harshe suna nazarinsa don sanin irin Latin da ake yi a bariki. An bar sansanin wajen 263.

Inda za ka ja birki

Ko ba jima ko ba daɗe za ka ci karo da masu cewa sojojin Rum sun iso Tafkin Chadi ko kogin Kwara. Ga abin da ke rubuce. Cornelius Balbus ya kai wa Garamantes hari a Fazzan, aka yi masa bikin nasara a Rum a shekara ta 19 kafin Miladiyya. A 70 Valerius Festus, kwamandan Runduna ta Uku, ya kore su daga ƙasar Leptis. Masanin taswira Batalimus ya ce wani Julius Maternus ya bi sarkin Garamantes tafiyar wata huɗu kudu zuwa wata ƙasa Agisymba, inda karkanda ke taruwa. Iyakar bayanin tafiyar tasa ke nan, kuma Maternus rakiya ya yi, ba runduna ya ja ba. Ba a tono rubutun rundunar ko ɗaya a Borno ko ƙasar Hausa ba. In ɗalibi ya kawo mini taswira mai kibiya daga Tarabulus har Kukawa, lambar dutsen nake tambayarsa. Kayan Rum sun isa Jarma, babban birnin Garamantes, da yawa, tuluna da gilasai da fitilu, amma fatauci ne ya kai su.

Shafin ƙarshe ba shi da yaƙi. Bayan 253 duwatsun suna raguwa, a ƙarni na huɗu kuma an sauya tsarin sojan Rum gaba ɗaya, manyan rundunoni suka koma ƙananan rukunoni. Wani kundin muƙaman daula na wajen shekara ta 400, Notitia Dignitatum, ya lissafa Tertio Augustani cikin sojojin da ke ƙarƙashin babban kwamandan Afirka. Rubuta wannan a layin ƙarshe na rundunar. A ƙasansa, in kana son cike tarihin lardin, sa 429, shekarar da mutanen ƙabilar Vandal suka ƙetaro daga Sifen, da 439, shekarar da suka ci Kartaj.